Sa'anda Damuwar Gida ta Bi Mutum Kasuwa

   Yau za mu yi magana a kan wani abu da kowa ya san shi a jikinsa, amma ba a cika faɗinsa a fili ba. Watau yadda damuwar gida ta kan bi mutum har bakin aikinsa ta ɓata masa aikin, da kuma dabarun da mutum zai yi domin kada ta cinye shi, shi da sana'arsa.

Ku duba abin da ya kan faru. Ga tela, shekara 15 yana kan keke, bai taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Ran nan sai ya shimfiɗa shaddar wani, mai tsada, ya sa almakashi, hannun riga ya gaza. Ga mai tebur, wadda lissafi ba ya ba ta wuya ko kaɗan, yau an ba ta sidi 20 ta mayar da canjin 50. Ga mahauci, ya kai wuƙa wurin nama ya sami yatsansa. Maƙwabta su ce, "Me ya same shi?" Waɗansu su ce tsufa ne, waɗansu su ce an yi masa sammu. In ka bi sawu har gida, sau da yawa za ka tarar yaro ne kwance kwana huɗu da zazzaɓi, ko mai gidan haya ya ba da wa'adi, ko uwargida ta yi yaji, ko kuwa ranar biyan bashi ta matso, ba ko kwabo a hannu.

Mutane su kan ce wa irin wannan mutum, "Ka bar damuwarka a gida, nan wurin aiki ne." Magana mai sauƙin faɗi. Amma damuwa ba takalmi ba ce da za a tuɓe a bakin ƙofa. Ga dalili.

Hankalin mutum, wanda ya ke aiki da shi a kan abin da ke gabansa, yana kama da teburin ɗan koli. Tebur ne ƙarami. Masana da suka yi shekaru suna gwada wannan abu sun tarar mutum ba ya iya riƙe fiye da abu huɗu ko biyar a ransa a lokaci guda, ko da shi mai kaifin basira ne. To, mu ɗauki mai sayar da goro. Yana ƙirga, gama sai goro 100 ya cika kafin a ce ƙwarya. Ya riƙe inda ƙirga ta tsaya. Ya riƙe kuɗin da mai saye ya taya, da wanda shi zai sallama a kai. Idonsa ɗaya kuma yana kan huhun da ke buɗe, saboda masu dogon hannu. Tebur ya riga ya cika ke nan. Sai ga tunanin kuɗin asibiti ya faɗo a kai, ba sallama. Ba wurin da zai zauna sai ya ture wani abu ƙasa. Abin da ya faɗi, shi ne kuskuren nan da maƙwabta suka gani. Gwanintar mutumin tana nan, ba ta je ko'ina ba. Wurin ajiye ta ne baƙo ya cinye.

Kada ku ce wannan zance ne kawai. An gwada shi a ƙasar Indiya, wurin talakawa masu neman na yau da gobe kamarmu.

A jihar Tamil Nadu akwai manoman rake waɗanda ba su ganin kuɗi mai kauri sai sau ɗaya a shekara, bayan an sare rake an kai masana'anta. Kafin lokacin, hannu ya kan bushe. Su ci bashi, su jinginar da kayansu. Waɗansu masana, cikinsu akwai wani mai suna Sendhil Mullainathan, suka zaɓi manoma 464 daga ƙauyuka 54, suka ba su gwajin basira sau biyu: ɗaya kafin girbi, ɗaya bayan an biya su. Aka buga abin da suka samu a 2013. Manomi ɗaya, kai ɗaya, amma bayan kuɗi ya shigo sai ya fi cin gwajin, ya fi sauri, kuskure kuma ya ragu. Masanan suka duba ko yunwa ce ko gajiyar gona ta kawo bambancin, suka ga waɗannan ba su isa su bayyana shi ba. Suka kwatanta nauyin tunanin kuɗi a kan basira da na mutumin da ya kwana bai runtsa ba.

Gwaji na biyu ya fi wannan kusa da mu, gama a bakin aiki aka yi shi. A jihar Odisha mutane su kan ɗinka faranti da ganyen itace, ana haɗa ganye da ganye da 'yan tsinke, masu sayar da abinci su saya. Aka ɗauki ma'aikata maza 408 aikin mako biyu, a lokacin da aikin gona ya yanke, kowa yana fama. Biya kuwa bisa yawan farantin da mutum ya ɗinka ne. Kuɗin kowa ɗaya ne a kan faranti, ba a fifita wani ba. Abu ɗaya kaɗai aka sāke: waɗansu aka ba su wani kashi na abin da suka riga suka yi aikinsa kwana huɗu kafin ƙarshe, sauran aka ce su jira ranar sallama. Waɗanda suka karɓa da wuri, nan da nan suka biya basusuka, suka sayi abinci da kayan gida. Kashegari suka koma bakin aiki. Yawan farantin da su ke ɗinkawa ya ƙaru da wajen 7 cikin 100, a wurin waɗanda suka fi talauci kuwa har wajen 13 cikin 100.

Masanan ba su tsaya ga ƙirga ba. Suka ɗauki farantan suna dubawa ɗaya ɗaya: ganye nawa mutum ya sa, tsinke nawa, wuri nawa ya soka ya zare ya sāke sokawa. Gama inda aka zare tsinke, huda ta kan rage, ita ce shaidar kuskure. Suka tarar farantan waɗanda suka sauke bashi sun fi tsabtar aiki. Rahoton ya fito a 2021. Ku lura fa, ba a ƙara wa mutanen nan ko anini ba. Guminsu aka ba su, sai dai an ba su a ranar da ya ke da amfani. Masu gida da ke riƙe da kuɗin yaransu, su riƙe wannan, za mu komo kansa.

Bayan hankali, sai jiki. Sa'anda mutum ya tsorata, waɗansu 'yan ƙululai biyu da ke bisa ƙoda su kan zuba wani ruwa cikin jini, likitoci suna kiransa adiranalin, da wani kuma kotisol. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, ciki ya dakata da narka abinci. In kura ce ta biyo ka, wannan taimako ne babba, gama gudu za ka yi, in ka tsira jiki ya kwanta. Amma bashi ba ya kora ka sau ɗaya ya koma daji. Yana nan da safe, yana nan da dare. Jiki ya zauna cikin shirin gudu mako da mako. Daga nan sai ciwon kai, da ciwon wuya da kafaɗa, da ɓacin ciki, da saurin fushi. Mai hawan jini kuma nasa ya ƙaru.

Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne barci, a nan kuwa zance ya wuce hasarar yadi ko canji. A 1997 waɗansu masana a Ostareliya suka gwada mutum 40. Wani lokaci suka hana su barci, wani lokaci suka ba su giya, suna auna yadda ido da hannu ke aiki tare. Suka tarar wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hannunsa ya yi daidai da na wanda ya sha giya gwargwadon abin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Wanda ya kai awa 24 kuwa, kamar ya sha ninki biyu na wannan.

Yanzu ku tuna da direban babbar mota da ya ɗauki kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zai nufi arewa. Kafin ya kai Paga, bakin iyakar Burkina Faso, wajen kilomita 800 ke gabansa. Daren jiya bai runtsa ba, suna ta faɗa da iyali a kan kuɗin makarantar yara. Ba ya shan giya, bai taɓa sha ba, amma a kan sitiyari shi da mashayi ɗaya su ke. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, in gyangyaɗi ya ɗauke direba na sakan 4 kaɗai, ta ci mita 89 ba mai tuƙi, kusan tsawon filin ƙwallo. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta ce direban haya kada ya yi tuƙi fiye da awa 4 a jere ba hutu, kada kuma ya wuce awa 8 cikin yini da kwana. Doka ce mai kyau. Amma ɗan sanda ba ya iya ganin abin da ya faru a gidanka jiya. Kai kaɗai ka sani, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A nan ne waɗansu su kan nemi taimakon ƙwaya. 'Yan dako, da masu babur, da yaran mota, da yawa sun san tiramol. Magani ne na ciwo mai tsanani, likita ya kan ba da mai lamba 50 ko 100. Wanda a ke sayarwa a ɓoye a tasha ya kan kai 120, ko 225, har 250. Ya kan sa mutum ya ji gajiya da damuwa sun tafi na 'yan awoyi. Daga baya jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, wani ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Kuɗin da za a rage bashi da shi, ga shi ya tafi wurin mai ƙwaya. An je neman sauƙin kaya ɗaya an komo da biyu.

Akwai kuma hasarar da ba a ƙirga ta, ita ce ta fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai saye ya zo ya taya kaya kamar yadda ya saba, ka daka masa tsawa. Shi bai san ɗanka ba shi da lafiya ba. Abin da ya sani, an wulakanta shi, rumfa kuwa ba taka kaɗai ba ce a layin. Cinikin shekara biyar ya tafi a kan magana ɗaya. Ciniki ya ragu, kuɗin cefane ya ragu, faɗan gida ya ƙaru, gobe ka fito da kaya mafi nauyi. Haka abin ya ke zagayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun faɗa a 2022 cewa kwanakin aiki wajen miliyan dubu 12 ke salwanta kowace shekara a duniya saboda ciwon baƙin ciki da na fargaba. Wannan lissafin manya ne. Naka lissafin, kai ka san shi da maraice sa'anda ka zazzage jaka.

To, me za a yi?

Mu fara da abin da ya fi kusa, watau ranar da ka tashi da nauyin zuciya amma tilas ka fita. Ran nan kada ka dogara ga kanka kamar kullum. Abin da ka saba riƙewa a ka, sauke shi a takarda, ko da boko ko da ajami. Wanda ya karɓi kaya bashi, rubuta nan take, kada ka ce sai an jima. Canji, ƙirga shi sau biyu, da ƙarfi, a gaban mai shi. Kai tela, ran nan ka yi ɗinki da sa maɓalli da guga, yankan yadi mai tsada ya jira gobe. In kuwa ba zai jira ba, auna sau biyu, ka sa yaronka ya karanta maka awon. Babban ciniki, irin wanda za a zuba rabin jari a ciki, kada a ƙulla shi ranar da aka kwana a asibiti. Dillalin kirki zai ba ka kwana ɗaya. Wanda ya ƙi ba ka kwana ɗaya, wataƙila ya ga fuskarka ne ya ke gaggawa. Kai direba kuwa, in ba ka yi barci ba, ka nemi inuwa ka kwanta ko da na rabin awa, ko ka ba abokin tuƙi. Mai kaya zai yi faɗa, amma faɗansa ya fi ta'aziyya sauƙi.

Wannan duka tare ɓarna ne kawai. Damuwar tana nan. Sai a juyo kanta.

Abin da ya sa damuwa ta ke cika tebur shi ne ta kan zo a dunƙule. Mutum ya ce, "Duniya ta yi mini zafi," in ka tambaye shi me da me, sai ya rasa ta inda zai fara. A ƙasar Zimbabuwe, mutanen Shona suna da suna domin wannan hali, ma'anarsa yawan tunani. Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa a can, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba su da yawa, masu bukata kuwa ba iyaka. Wajen 2006 ya fara wani shiri a unguwar Mbare cikin birnin Harare. Aka ajiye benci a harabar ƙananan asibitoci, aka koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda za su zauna da mai damuwa. Ba su ba da magani, ba su yi wa mutum wa'azi. Tsohuwa ta saurara har mutum ya gama. Sa'an nan su jera damuwoyin ɗaya ɗaya. Sa'an nan ta ce, "Wanne za mu fara da shi?" Mutumin da kansa zai zaɓa, shi ne kuma zai kawo hanyoyin da ya ga za su yiwu, su tsai da abu ɗaya da zai yi kafin su sāke saduwa. Zama shida a kan yi. Aka gwada shirin a kan mutum 573, aka buga sakamako a 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci wajen 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon baƙin ciki. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, rabi ne.

Ni a ganina, ba abin da ke cikin wannan da ya gagare mu. Benci muna da shi, tsofaffi muna da su. Abin da mu kan rasa shi ne sauraro. Mu, da mutum ya buɗe baki, kafin ya kai aya mun ce masa, "Sai haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau, amma in an faɗe shi da wuri ya kan zama murfin tukunya. Mutum ya haɗiye sauran maganarsa ya tashi da ita.

Saboda haka nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri. Ko tsohon layinku, ko wanka, ko limami ko fasto, ke kuma ko uwar ɗakinki ko wata aminiya. Ba a tsakiyar kasuwa ba, gama maganar da ta shiga rumfa uku ta zama ta gari. Ku zauna ku rarraba kayan. Wannan ina da abin yi a kansa yau. Wannan sai ƙarshen wata. Wannan kuwa, kamar rasuwa ko ciwon tsufa na mahaifi, ba ya cikin ikona, sai dai in ɗauke shi tare da 'yan'uwa. Sau da yawa mutum zai ga abin da ya zaci goma ne, ashe uku ne, biyu kuma suna rataye a kan ɗaya.

Da dare ma akwai 'yar dabara. A wata jami'a a Amurka, mai suna Baylor, an sa matasa 57 su yi rubutu na minti biyar kafin su kwanta. Rabi suka rubuta abin da za su yi gobe da jibi, rabi suka rubuta abin da suka riga suka gama. Masu rubuta na gobe suka riga sauran yin barci da wajen minti 9. A 2018 aka buga wannan. Ba abin mamaki ba ne. Zuciya ta kan yi ta maimaita abu don tsoron kada a manta. In ta ga an ajiye shi wuri mai kyau, sai ta saki.

Yanzu sai zancen kuɗi, gama shi ne uwar yawancin damuwar 'yan kasuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin da ke kashe mutum shi ne ɓuya. Ka hango mai binka ka sāke layi, waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi. Wannan ɓuya ta fi bashin kansa cin hankali, gama ba ta da ranar ƙarewa. Ka riga shi. Tun ranar biya ba ta zo ba, ka ɗauki abin da ya sawwaƙa, ko kashi ɗaya cikin biyar ne, ka tafi da dattijo ɗaya, ka ce, "Alhaji, ga abin da ya samu, ga kuma ranar da zan kawo saura." Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, tafiyar watanni, a kan amana suka yi shi. Ɗan kasuwa ya san jinkiri, shi ma ana binsa. Abin da ba ya yafewa shi ne a mai da shi wawa.

Sa'an nan a raba jaka biyu. Jari dabam, kuɗin gida dabam. Wanda ya ke cefane daga cikin uwar kuɗi ba zai san ranar da ya fara cin jarinsa ba, sai ya je sari ya ga kuɗi bai kai ba. Ka yanka wa kanka abin da za ka kai gida kowace rana, kamar kai ma yaron shago ne. Bayan wannan, a yi wata 'yar jaka ta uku, ta ranar wuya. Adashi yana da amfani wurin tara jari, amma yana da aibi ɗaya: ciwo ba ya jiran ranar ɗaukarka. Matan ƙasar Maraɗi sun sami hanyar gyara wannan. A 1991, tare da ƙungiyar CARE, suka fara abin da a ke kira Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako su zuba a asusu ɗaya, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Dabarar nan ta bazu daga Nijar zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da waɗansu wurare, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi su kan ware wani ɗan zubi dabam domin rashin lafiya da rasuwa. 'Yan layi ɗaya a kasuwa, maza ko mata, ba abin da zai hana su yin haka.

Ku da ke zaune a Gana, abu biyu. Tun 2003 akwai inshorar lafiya ta ƙasa, tun 2018 kuma ana iya sabunta kati ta waya. Mutane da yawa su kan bar katin ya mutu, sai daren da yaro ya kama zazzaɓi su tuna. Na biyu, zancen haya. Masu gidaje a Kumasi da Ankara su kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da ya ke dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata 6. Gaskiya ne ba kowane mai gida ke bin wannan ba, mai neman ɗaki kuma ba shi da bakin gardama. Amma ranar ƙarewar haya ba ta zuwa a ɓoye. Tun ranar da ka biya ka san ta. Raba kuɗin bisa makonni ka fara ajiyewa tun makon farko.

In kuwa a ƙarƙashin wani ka ke aiki, ko kanti ko kamfani ko gareji, ka gaya wa mai gidanka tun aiki bai ɓaci ba. Ba sai ka tona cikinka duka ba. Ya isa ka ce, "Maigida, ina da mara lafiya a asibiti, mako ɗaya zan riƙa makara da safe, zan rama da yamma." Wanda ya faɗa tun da wuri, an san shi mai uzuri ne. Wanda ya yi shiru har aka kama shi da kuskure uku, duk abin da ya faɗa daga baya za a ce dabara ce. Masu aikin albashi kuma su san hakkinsu. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ma'aikacin da ya cika shekara hutun kwanakin aiki 15 da biya, mai haihuwa kuma mako 12. A Kamaru da Nijar hutun haihuwa mako 14 ne. Yawancin 'yan kasuwa dai wannan doka ba ta kai rumfarsu. Nasu hutun, sai wanda maƙwabci ya ba su sa'anda ya ce, "Tafi, zan duba maka kaya."

Ku kuma masu gida, masu yara a shago da masu koyar da sana'a, ga naku. Yaron da ka sani da natsuwa, in ya fara ɓata aiki, kafin ka ɗaga murya ja shi gefe ka tambaye shi lafiyar gida. Tsawa a gaban mutane tana ƙara kaya ne a kan teburin da ya riga ya cika, gobe kuskuren zai zama biyu. Ku tuna da masu ɗinka faranti. In yaronka ya yi aikin mako uku ya roƙi kuɗin mako biyu domin magani, ba kyauta ya roƙa ba, guminsa ne. Ba shi. Kai ne za ka ga ribar a cikin aikinsa. Kuma wanda ya kwana a makoki ko a asibiti, kada ka ba shi mabuɗin mota ko ka sa shi a bakin injin niƙa ran nan.

Saura abu ɗaya, shi ne mai nauyi. Akwai damuwar da ta wuce ta shawara da asusu, ta zama ciwo kamar kowane ciwo. In mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a baƙe kusan kullum, abin da ya ke jin daɗinsa dā ya fita ransa, abinci ba ya shiga, barci ya ƙi ko ya yi yawa, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan sai asibiti. Ba hauka ba ne, yana kuwa da magani. In har ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi wurin likita a ranar. A Gana, dā wanda ya yi ƙoƙarin kashe kansa kotu a kan kai shi, saboda haka iyalai su kan ɓoye. Majalisa ta soke wannan a 2023, yanzu ba laifi ba ne a gaban doka. Akwai asibitocin wannan ciwo a Ankara da Pantang da Ankaful, akwai sashensa a babban asibitin Komfo Anokye a Kumasi, asibitocin gunduma da yawa kuma suna da ma'aikacin jinya da aka koya wa wannan aiki. Ku na Kamaru da Nijar da Cadi, ku fara da asibitin da ya fi kusa, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya alamun nan kamar yadda su ke, tun yaushe suka fara, da ko mutumin yana shan wata ƙwaya. Wanda zai raka shi ya zama wanda ya san shi sosai, gama mai wannan ciwo sau da yawa in an tambaye shi sai ya ce lafiya lau.